GeneXpert a Gidan Yari: Ta Cancanta, Amma Tana da Sharuɗɗa

A ɗakin da aka cunkusa fursunoni, iska ba ta shiga, mai tarin fuka ɗaya ya isa ya harbi sauran. Shi ya sa saurin gano shi ya fi komai, kuma nan GeneXpert, na'urar gwajin kaki ta kamfanin Cepheid, ta yi zarra. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gwajinta a 2010. Cikin ƙasa da awa biyu take nuna ƙwayar cutar, ta kuma faɗi ko ƙwayar ta bijire wa rifamfisin, ɗaya daga manyan magungunan tarin fuka. Gwaji da madubin likita kuwa yakan tsallake masu ƙwayar cuta kaɗan a kaki, musamman masu HIV.

Aikin ba wuya. A zuba sinadarin gwaji kashi biyu a kan kaki kashi ɗaya, a girgiza, a bar shi minti 15, a sake girgizawa a tsakiyar lokacin, sannan a ɗebi mililita 2 a zuba a kwanson gwaji. Matsalar takan faro tun wajen karɓar kaki. Fursuna ya kawo miyau, sakamako ya fito ba cuta, a mayar da shi cikin jama'a. Ma'aikaci ya tsaya ya nuna masa yadda zai ja numfashi ya kakaro daga ƙirji, kuma a fili za a yi, kada a yi a rufaffen ɗaki.

Na'urar ba ta son zafin da ya wuce digiri 30, kwansunan kuma a ajiye su tsakanin digiri 2 da 28. Ƙura tana toshe mata hanyar iska. Wuta ta ɗauke ana cikin gwaji, kwanson ya tafi a banza, don haka batirin ajiya dole ne. Duk shekara ana duba daidaitonta.

Abin da ake yawan kuskurewa: ƙwayoyin halittar cutar take gani, har na matacciya. Ba a auna ci gaban mai shan magani da ita, kuma wanda ya warke kwanan nan tana iya nuna yana da cutar.

Gidan yarin da ke da wuta tsayayya ya saye ta, ya tantance kowa ranar shigowa, a yi wa mai alamu gwajin. Wanda ba shi da wuta gara ya tsara kai kaki ɗakin gwaji mafi kusa. Ko wanne aka zaɓa, a tanadi ɗakin keɓewa mai tagogi da maganin wata shida, da takardar miƙa mara lafiya ga asibiti idan an sake shi bai gama sha ba.