Mitar maƙwabci suka haɗa mini: sharhi kan hidimar haɗa wuta da ruwa a rukunin gidaje mai get

A rukunin gidaje mai katanga da get, sau da yawa sabon shiga ba shi ke zirga-zirga tsakanin kamfanin wuta da na ruwa ba. Ofishin kula da rukunin ne ke karɓar kuɗin hidima, ya ce kai dai kawo kayanka, wuta da ruwa da intanet da kwasar shara duk suna wuyansa. Na biya wannan hidima a sabon gida da ba a taɓa zama cikinsa ba. Ɓangaren takardu ba ni da ta cewa: fom ɗaya, kwafin katin shaida, kwafin yarjejeniyar gida, sai takardar izinin shigar motar kaya da ta ma'aikata. Sun miƙa takardar karɓar gida ɗauke da lambar mitar wuta da abin da mitar ruwa ke nunawa ran shiga. Da a nan aka tsaya, da yabo kawai zan rubuta. Amma an yi tuya an manta da albasa, domin mitar da suka rubuta a takardar ba ita ke ba gidan wuta ba.

Ga yadda tsarin yake, don wanda bai saba da shi ba. Mitocin layin gidajen duka suna cikin akwati ɗaya na ƙarfe a waje, kuma makullinsa na hannun ofis. Abin da ke cikin gida ɗan madanni ne kawai, wanda ake danna lambobi 20 na katin wuta a kansa, shi kuma ya aika wa mita ta wayar wuta ko ta rediyo. Madannin ba ya auna komai. An ɗaura shi da lambar mita ɗaya, abin da waccan mitar ta faɗa shi yake nunawa. To idan mai haɗa waya ya ja layin gida na biyu zuwa mitar gida na ɗaya, na ɗaya kuma zuwa ta na biyu, babu abin da zai nuna a ranar farko. Fitila za ta kama, madanni zai karɓi kati, kowa ya sa hannu ya tafi. Da yake gidajen biyu sababbi ne kuma kusan lokaci ɗaya aka tare, kowa na saya wa ɗan'uwansa wuta ba tare da ya sani ba.

Alama ta farko ita ce yunit na zuba fiye da kayan da ke gidan. Firij, fitilu, fanka da talabijin ba za su cinye abin da madannin ke nunawa ba, musamman da rana lokacin da kusan komai a kashe yake. Gidan maƙwabcin kuwa akwai na'urorin sanyaya ɗaki da hitar wanka. Alama ta biyu ita ce ta fi tona asiri: wuta ta ɗauke a gidana alhali madanni na nuna akwai sauran yunit, sauran gidaje duk da wuta, bireka, wato makunnin da ke yanke wutar gida da kansa in an samu matsala, ba ta faɗi ba, can kuma ta dawo da kanta. Abin da ya faru shi ne ainihin mitar gidana ce ta ƙare, sai da maƙwabci ya ga madanninsa ya kai sifili ya sa kati.

Abin da ya fi ƙona mini rai, gwajin da zai kama wannan kuskure bai kai minti 10 ba, kuma duk mai aikin wuta ya san shi. Mutum biyu ake buƙata, ɗaya a gida, ɗaya a gaban akwatin mitoci, suna magana ta waya. A fuskar kowace mita akwai 'yar jar fitila da ke ƙiftawa daidai da yawan wutar da ake ja, kuma an rubuta adadin ƙiftawarta a gefe, misali 1000 a kowane yunit. Na gida ya kashe babbar bireka. Fitilar mitar da aka ce taka ce dole ta daina ƙiftawa gaba ɗaya. In ta ci gaba, wani gidan take ciyarwa. Daga nan a mayar da bireka, a kashe komai, a kunna butar lantarki mai wat 2000 ita kaɗai. A mita mai 1000, hakan ƙiftawa 2000 ke nan a awa, wato kusan sau ɗaya duk daƙiƙa biyu. Mitar da ta fara wannan bugun da aka kunna butar, ta kuma tsaya da aka kashe, ita ce taka, ko me aka rubuta da alƙalamin maka a jikin akwatin. Sai a gwada lambar da ke jikinta da wadda madanni ke nunawa da wadda ke kan takarda. Dole ukun su zama ɗaya. Ma'aikacin ofis bai yi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya kunna fitilar falo, ta kama, ya ce aiki ya kammala.

Da aka kai ƙorafi sai aka shiga turereniya. Ofis ya ce mita ta kamfanin wuta ce, a je can. Kamfanin ya ce daga mita zuwa cikin gida aikin masu rukunin ne, kuma a nan gaskiyarsa ce. Kuɗin da aka riga aka zuba kuwa ba ya dawowa ta hanyar na'ura, saboda kowane kati an ƙulla shi da lambar mita ɗaya, da zarar ya shiga ba a ɗauke shi a kai wata. Abin da ya rage shi ne maƙwabta biyu su zauna da rasit ɗinsu, a lissafa abin da kowa ya saya, wanda ya ci riba ya biya bambanci. Allah ya sa maƙwabcin mutumin kirki ne. Amma ofishin da ya jawo matsalar ko kujerar zama bai bayar ba, ya ce wannan tsakaninku ne. Don haka ku riƙa ajiye rasit na kowane kati tun daga na farko.

Kada kuma haushi ya sa wani ya kira nasa ma'aikacin ya buɗe murfin mita ya juya wayoyi. Akwai ɗan makunni a ƙarƙashin murfin, yana buɗuwa mita za ta yanke wuta ta rubuta cewa an taɓa ta, kuma ba za ta dawo ba sai kamfani ya ba da lambobi na musamman, ban da laifin karya hatimi. Gyaran da ya fi sauƙi shi ne a bar wayoyi yadda suke, a musanya madannan biyu, a gyara sunaye a rajista. Madannan dai an musanya su a ƙarshe.

Wani abu da ya kamata a tambaya tun kafin a karɓi makulli: mitocin kati masu tsarin STS, wato tsarin da ke samar da lambobin katin wuta, sun yi sauyin lamba da wa'adinsa ya cika ran 24 ga Nuwamba 2024. Mitar da ta daɗe a ajiye ba a sabunta ta ba za ta ƙi sabon kati har sai an danna mata lambobin sauyi, yawanci jeri biyu masu lamba 20 kowanne, bi da bi. Wanda zai shiga gidan da wani ya taɓa zama kuma ya nemi shaida a rubuce cewa babu tsohon bashi a kan mitar, don ana iya riƙa cire shi daga katin da yake saya.

Ruwa kam sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. Mai aikin famfon ya san aikinsa. Ya nuna inda babban bawul yake, ya rufe dukkan famfuna ya tsaya yana kallon mitar ruwa don ya ga ko allurarta na motsi, wanda shi ne gwajin yoyo a ɓoye. Ya kwance 'yar ragar bakin kowane famfo ya bar ruwa ya gudu har yashi da ɓurɓushin siminti suka fita, abin da in ba a yi ba yake toshe shawa da bawul ɗin tankin masai. Ya kuma faɗi gaskiya a kan ƙarfin ruwa: daga tankin sama, kowane mita 10 na tsawo kusan bar 1 (ma'aunin ƙarfin turin ruwa) yake bayarwa, don haka banɗakin bene ba zai samu ƙarfin da hita mai dumama ruwa nan take ke so ba sai an ƙara injin turi, da bawul mai hana ruwa komawa baya, da izinin ofis a rubuce. Wannan mutumin shi kaɗai ya sa na fara tunanin kuɗin hidimar bai tafi a banza ba.

Sai dai da aka zo intanet raina ya sake ɓaci, don halin nan ne dai na rashin gwadawa kafin a miƙa. Kamfani ɗaya kawai aka yarda ya shigo rukunin, ba ka da zaɓi. Bututun da aka binne don wayar faiba ba a bar igiyar ja a cikinsa ba, kuma siminti ya toshe shi a wata kwana. Ita faiba ba ta son lanƙwasa mai tsanani, ba a tura ta da ƙarfi. Ga shi dokar rukunin ta hana bin bango da waya ta waje. Ma'aikacin ma sai da masu gadi suka mayar da shi saboda ofishin da ya kira shi bai aika sunansa get ba. Masu gadin ba su yi laifi ba, aikinsu suka yi.

Shin zan ba wani shawarar ya biya wannan hidima? Maganar gaskiya ba shi da yadda zai yi, tunda makullin akwatin mitoci da izinin get duk suna hannunsu. Abin da ke hannunsa shi ne sa hannu a takardar karɓar gida. Kada ya sa sai an buɗe akwatin a gabansa an yi gwajin bireka da buta, ya ɗauki hoton mitar da lambarta, an danna maɓallin gwaji na birekar kariya daga jan wuta an ga ta faɗi, an kuma zura igiya a bututun intanet ta fito ɗaya ɓangaren. Ni har yanzu rasit ɗin kamfanin wuta da lambar gidan maƙwabci yake fitowa, kuma rubutun maka da ke jikin akwatin yana nan a juye, ofis bai goge shi ba.