Shafin IReV na duba sakamako: abin da ya nuna da abin da ya rage a takarar sanatan Kogi ta Tsakiya

Daga cikin kayan aikin da hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta shigo da su a 'yan shekarun nan, babu wanda na fi daɗewa a kansa kamar shafin IReV, inda ake ɗora hoton takardar sakamakon kowace rumfar zaɓe domin kowa ya gani da idonsa. An fara gwada shi a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Nasarawa ta Tsakiya a watan Agustan 2020, amma babbar jarrabawarsa ita ce ta ranar 25 ga Fabrairun 2023, lokacin da aka yi zaɓen shugaban ƙasa da na majalisun tarayya a rumfuna sama da 176,000. Na auna shi ne da takarar sanatan Kogi ta Tsakiya, domin a can ne tazarar ƙuri'u ta yi ƙanƙantar da rumfa guda ma za ta iya juya lissafi.

Shiga shafin ba shi da wuya ga wanda ya saba da waya. A wancan zaɓen mutum yana yin rajista da adireshin imel, ya zaɓi irin zaɓen da yake so, sannan ya sauko daga jiha zuwa ƙaramar hukuma, zuwa gunduma, har ya kai rumfarsa. Abin da zai tarar shi ne ainihin takardar da jami'in rumfa ya cike da biro, ya sa hannu, ya buga hatimi, wakilan jam'iyyu su ma suka sa nasu hannun, aka ɗauki hotonta da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe. Na farko da na buɗe, sai da na ware hoton da yatsu biyu ina bin layin kowace jam'iyya, ina kwatanta adadin da aka rubuta da lamba da wanda aka rubuta da kalmomi. Wanda ya san zamanin da sakamakon rumfa yake ɓacewa tsakanin makarantar firamare da sakatariyar ƙaramar hukuma zai gane girman wannan ci gaba, kuma a wannan fanni ina yaba wa shafin ba tare da wata tantama ba.

Sai dai takarar Kogi ta Tsakiya ta fito da iyakarsa fili. Mazaɓar ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar, wato Adavi, Ajaokuta, Ogori/Magongo, Okehi da Okene. An bayyana Abubakar Sadiku Ohere na APC a matsayin wanda ya yi nasara da ƙuri'u 52,132, Natasha Akpoti-Uduaghan ta PDP kuma aka ba ta 51,763, tazarar ƙuri'u 369 kacal. A watan Satumban 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe da ta zauna a Lokoja ta soke wannan nasara, bayan ta gano cewa an yi wa Ohere aringizon ƙuri'u a wasu rumfuna a Ajaokuta an kuma rage na Natasha a wajen tattara sakamako, ta mayar da lissafin ya koma 54,074 ga Natasha da 51,291 ga Ohere. Kotun ɗaukaka ƙara, wadda ita ce matakin ƙarshe a shari'ar zaɓen majalisa, ta tabbatar da hukuncin ranar 31 ga Oktoba, aka rantsar da ita a farkon Nuwamba.

Abin lura shi ne, matsalar ba a rumfa ta faru ba, a teburin tattarawa ta faru, kuma wannan tebur ne shafin bai haska shi yadda ya kamata ba. IReV hoto yake nunawa, ba ya haɗa lissafi. Duk wanda yake son ya tabbatar da jimillar gunduma guda dole ya buɗe takardu ɗaya bayan ɗaya, ya kwafe lambobi a littafi, ya tara da kansa. Na yi haka a gunduma ɗaya kawai, da fitila da ƙaramin littafin rubutu, ya ci mini yamma guda da data mai yawa. Jam'iyya mai ma'aikata da lauyoyi za ta iya wannan aiki a mazaɓa baki ɗaya, amma talakan da aka ce don shi aka gina shafin ba zai iya ba.

Akwai kuma abin da kowa ya sani: masu sa ido sun ba da rahoton hotuna marasa fitowa sosai, hukumar da kanta ta amsa cewa an samu tangarɗar ɗora sakamakon shugaban ƙasa a ranar zaɓe, ko da yake na majalisa sun fi saurin hawa. A watan Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta ce shafin na dubawa ne, ba wurin tattara sakamako ba ne, don haka rashin ɗora takarda a kansa bai isa ya rushe zaɓe ba.

Duk da haka ina ba kowane wakilin jam'iyya da ɗan jarida shawarar ya yi amfani da shi, ya sauke hotunan rumfunansa a daren zaɓe ya adana su tare da kwafin da aka miƙa masa hannu da hannu. Ga masu kula da shafin kuwa, buƙatata biyu ce: a riƙa rubuta lambobin kowace rumfa a gefen hotonta ta yadda jimilla za ta fito da kanta, a kuma ajiye takardar tattarawa ta gunduma kusa da ita domin a kwatanta. Da hakan yana nan a 2023, da giɓin Ajaokuta ya bayyana ga mai waya a hannu tun kafin a shafe wata takwas ana zarya a kotu.