Sharhi kan famfon keke da kayan gyaran da na gwada a hanyar Katsina zuwa Daura

Shekara biyu ke nan ina hawa keke daga Katsina zuwa Daura a lokacin hunturu, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80 ta Mashi da Shargalle, kuma a tsawon wannan lokaci na yi amfani da famfo iri biyu waɗanda nake ganin ya dace in bayyana yadda na same su.

Na farko ƙarami ne na roba, wanda na saya a babbar kasuwar Katsina saboda araha da rashin nauyi. Ba shi da tiyo, bakinsa ake danna wa bawul kai tsaye, don haka duk bugun da mutum ya yi, bawul ɗin ne yake ɗaukar jijjigar. Bayan na wuce Mashi tsidau ya huda mini tayar baya, na yi faci lafiya, amma ina cikin ba ta iska gindin bawul ya tsage, wurin da faci ba ya kamawa. Ranar da ƙafa na tura keken har wurin wani mai faci, wanda ya dubi famfon ya ce, "Malam, wannan ai na ƙwallon yara ne."

Na biyu jikinsa na alminiyam ne, tsawonsa bai kai kamu biyu ba, yana da gajeren tiyo, da ɗan mataki da ake buɗewa a taka da ƙafa, da agogon nuna ƙarfin iska. Kuɗinsa ya kusa ninka na farko sau uku, kuma ban yi nadama ba. Da yake ana kafa shi a ƙasa, nauyin jiki ne yake yin aikin, hannu ba ya gajiya, tiyon kuma yana raba bawul da jijjiga. Agogon ƙanana ne lambobinsa, sai an sunkuya, amma ya hana ni tsohuwar al'adar matsa taya da yatsa. Yanzu abin da aka rubuta a gefen tayar nake bi. Aibinsa na gaske shi ne ƙurar hunturu tana shiga cikinsa idan aka ɗaure shi a jikin keke, har ya fara ƙara yana cijewa. Sai da na kwance shi na goge, na shafa wa robar ciki ɗan giris, na koma ajiye shi a jaka.

Abin da ya fi muhimmanci kafin a biya kuɗi shi ne sanin irin bawul ɗin da ke keken, domin iri uku ne. Akwai Schrader mai kauri, irin na mota da babur. Akwai Presta siriri mai ɗan noti a kai, wanda ake yawan gani a kekunan tsere na gwanjo. Akwai kuma Dunlop, na tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix da iyayenmu suka hau. Kekena da Presta ya zo, alhali injin masu faci na bakin hanya don Schrader aka yi shi, saboda motoci da babura ne abokan cinikinsu. Na magance wannan da ɗan ƙarfen da ake murɗa wa Presta ya karɓi bakin Schrader, abin da bai kai kan yatsa ba, wanda ba na fita ba tare da shi ba.

Game da tiyub, a karanta lambar da ke jikin taya, kada a dogara da cewar mai shago "lamba 28 ce". Tayar tsohon keke mai inci 28 faɗin da'irarta milimita 635 ne, ta keken zamani mai lamba 700C kuma 622 ce, duk da cewa ita ma ana kiranta 28, kuma tayar ɗaya ba ta hawa ƙafar ɗaya. Ni tiyub biyu nake ɗauka, domin canzawa a cikin rana ya fi saurin neman ƙaramin huji inda babu ruwan da za a tsoma.

Sauran kayan ba su da yawa: faci da sholisho, ƙarfen ɓare taya, sifana, robar birki, wayar birki guda, da mahaɗin sarƙa. Sholisho yakan bushe bayan an buɗe shi, musamman a zafin bazara, don haka sabo nake saya kafin kowace tafiya. Na taɓa ɗaukar taya sukutum a kariyar keke, na kai ta har rijiyar Kusugu a Daura na dawo da ita ban taɓa ta ba. Tun daga nan guntun tsohuwar taya nake yanka in saka a jaka, wanda ya isa ya toshe yanka daga ciki har a kai gari.