Shuɗin littafin Murphy ko ɗan littafin jerin kalmomi?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka tun daren jiya: kuɗin littafi ɗaya ne a hannunka, kana so ka iya saka kalmomi irin su although, however, still da yet a inda Turawa ke saka su, mai shago kuma ya nuna maka biyu, English Grammar in Use na Raymond Murphy da wani siririn littafi da ya jera bayanau (adverbs) da mahaɗan (conjunctions) Ingilishi ɗaruruwa tare da ma'anarsu. Shawarata ka ɗauki na Murphy. Duka biyun na taɓa saye da kuɗina. Ɗaya yana kan teburina har yau, bangonsa ya sha salatif, ɗayan kuwa ban ma san wanda ya tafi da shi ba.

Siririn nan ba ƙarya ya rubuta ba, iyakar abin da zan ce da shi ke nan. Zai gaya maka moreover da furthermore suna nufin "bugu da ƙari", nevertheless kuma "duk da haka", sai ya bar ka a nan. Ba zai gaya maka cewa waɗannan kalmomin rubutu ne, na rahoto da takardar jarrabawa ba. Bature ba ya ce wa matarsa furthermore a ɗakin girki. Hirarsu ta yau da gobe da 'yan ƙananan kalmomi take tafiya: and, but, so, because, sai though da suke jefawa a ƙarshen magana, kamar "It's expensive. I like it, though", wato da tsada, amma dai ina son shi. Wanda ya haddace jeri sai ka ji shi yana magana da abokinsa kamar mai karanta jawabi a taro.

Abin da ya raba ni da shi wata takarda ce. Akwai yaron da ya yi shekara uku yana aiki a ƙarƙashina a sito, yaro mai ƙwazo, kafin kowa ya zo ya share wuri ya jera kaya. Ya sami damar neman aiki a wata ƙungiya, ya roƙe ni in rubuta masa takardar shaida. A lokacin na riƙe ƙa'idar da na karanta, cewa in kana son bayanau sai ka liƙa wa sifa -ly, quick ya koma quickly, slow ya koma slowly. Sai na rubuta "He hardly works", a zuciyata ina cewa yana aiki tuƙuru. Allah ya taimake mu na nuna wa wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon malamin Ingilishi, kafin in sa hannu. Ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, "So kake a ɗauke shi, ko so kake a kore shi tun daga ƙofa?" Ashe hardly "da ƙyar" take nufi. Abin da na rubuta shi ne yaron kusan ba ya taɓuka komai. Daidai shi ne "He works hard". Jikina ya yi sanyi, domin abincin ɗan mutane na kusa zubarwa da alƙalamina.

Dattijon ya shiga gida ya fito da nasa shuɗin littafin, ya buɗe mini shafin da aka haɗa hard da hardly, late da lately, da fast da well waɗanda ba sa bin ƙa'idar -ly ɗin. Late a makare, lately kwanan nan. A kan tabarmarsa na zauna na cike atisayen da fensir har aka kira magariba. Ƙarshen watan na sayi nawa.

Tsarin littafin shi ne sirrinsa. Darasi 145 ne, kowanne shafi biyu: na hagu bayani da misalai, na dama atisaye. Maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ce ta fara buga shi a 1985, bugu na biyar ya fito a 2019. Abin da kake nema yana tsakanin darasi na 100 da na 120, ba sai ka faro daga farko ba. Darasi ɗaya bayan sallar asuba, cikin sati uku ka gama wannan ɓangaren.

Inda ya fi yi mini amfani shi ne wuraren da Hausarmu ke jan hannunmu ba mu sani ba. Mu muna cewa "Ko da yake ya gaji, amma ya zo", kuma Hausa ce mai kyau. In ka kwashe ta haka zuwa Ingilishi ka ce "Although he was tired, but he came", ka yi kuskure, domin su ɗaya suke ɗauka: ko although a farko, ko but a tsakiya. Wannan kuskuren na gan shi a takardun masu digiri ba sau ɗaya ba.

Sai "har yanzu". Mu kalma guda ta ishe mu: har yanzu ina jira, har yanzu bai zo ba. Su kuwa sun raba. "I'm still waiting", amma "He hasn't come yet", kuma yet ɗin ƙarshe take zama. In Bature ya ce "He still hasn't come", to ya fara ƙosawa, akwai ɗan ƙorafi a ciki. Jeri ba zai taɓa nuna maka wannan ba, tunda a wurinsa duka biyun "har yanzu" ne.

Ka kuma kula da too. Mutum zai yabi abincin da aka ba shi ya ce "It is too sweet", yana nufin ya yi daɗi sosai, mai gidan kuma ya ji cewa zaƙin ya wuce misali. Too tana nuna abu ya zarce yadda ake so, very ko really su ne "sosai". Haka in case ba if ba ce. "Take an umbrella in case it rains" na nufin ka riƙe lema tun yanzu ko da za a yi ruwa, ba wai ka jira sai ruwan ya sauko ba. Wurin zaman kalma ma yana da doka: "I always go" amma "He is always late", kuma ba a raba aikatau da abin da aka aikata wa, shi ya sa ake cewa "I like tea very much", ba "I like very much tea" ba.

Ba na ce littafin ba shi da naƙasu ba. Babu Hausa ko kalma ɗaya a ciki, kuma Ingilishin Birtaniya ya fi bi. In kana jin Turancinka bai yi ƙwari ba tukuna, akwai ja, Essential Grammar in Use, na marubucin ne dai, na masu farawa. Amma yadda ka rubuto tambayarka, shuɗin ya dace da kai.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara wajen saye, jabunsa ya cika gari. Iri biyu ake bugawa, mai amsoshi a baya da marar amsoshi, kai da za ka yi karatu kai kaɗai mai amsoshi kake buƙata, kuma wasu masu shago suna miƙa maka marar amsa a farashin mai amsa. Kada ka yarda da wanda aka naɗe a leda aka ce ba a buɗewa. Ka sa a buɗe a gabanka, ka juya baya ka ga amsoshin da idonka, ka bi lambobin shafi a wurare uku ko huɗu. Wani abokina ya je gida ya tarar shafuka kusan ashirin babu, wasu kuma an maimaita su, da ya koma mai shagon ya rantse ba a wurinsa ya saya ba. Na gaske hotunansa masu launi ne, rubutun tsaf. Na jabu tawadar ta yi dishi-dishi, takardar kuma kana hango rubutun bayanta. Masu cewa ka turo kuɗi su aiko maka da shi ta WhatsApp kuwa, kada ka ba su ko sisi.

In ka saya, fara da darasi na 113, na although da in spite of, ka cike atisayen da fensir kafin ka leƙa baya. Duk inda ya ɗaure maka kai ka ɗauki hoton shafin ka turo nan, mu duba tare.