Sandar fatsa mai alamar M: ta yi wa karfasa tauri, ta dace da barakuda

Duk wanda mai shago ya ce masa sanda guda mai alamar M, wato mai matsakaicin ƙarfi, za ta ishe shi a dam da bakin teku, to ya karanta lambobin da ke gefen harafin kafin ya zaro kuɗi. Wannan da na yi amfani da ita tsawonta mita 2.13, gaɓa biyu ce, an rubuta mata gram 10 zuwa 35 na nauyin abin jifa, zare kuma mai jure nauyin fam 10 zuwa 20. Sandar ruwan gishiri ce. Ita M ta ruwan daɗi galibi gram 7 zuwa 21 ake rubuta mata. Harafin ɗaya ne, ƙarfin kuwa ya sha bamban, domin babu ma'aunin da ya ɗaure kamfanoni, kowa yadda ya ga dama yake sa wa tasa alama. Mai sayarwa ya san da haka sarai, ya yi shiru, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

A dam ɗin Tiga asirinta ya tonu. Karfasa ƙaramin koton ƙarfe take so, irin mai fiffike da ke juyawa, gram 3 zuwa 5. Nisan jifa daga lanƙwasar sanda yake fitowa: nauyin koto ya tanƙwara ta baya, ta miƙe ta cilla shi. Gram 4 bai isa ya motsa ko bakin wannan sandar ba, sai koton ya faɗi nan kusa da gaɓa. Mutum ya ƙara ƙarfin hannu, zaren saƙa ya kwararo daga ril, wato na'urar naɗe zare, a hargitse, ya ƙulle a zoben farko. Ko a wajen naɗewa ma koton ba shi da nauyin da zai ɗaure zaren, sai ya kwanta sako-sako, jifa na gaba ya sake cukurkuɗewa. Rabin lokacin kamun a warwarar ƙulli yake ƙarewa.

In kuma kifin ya kama, wata sabuwa. Zaren saƙa ba ya miƙewa ko kaɗan, sandar ba ta sassautawa, leɓen karfasa kuwa siriri ne. Da ta girgiza kai ƙugiyar ke yaga wajen ta fita. Sai ka jawo koto ka tarar da ɗan guntun fata a maƙale jikin ƙugiya, kifin ya tafi da rauni a banza. Wallahi abin takaici ne. Sassauta birkin ril da ƙara zaren roba kamar mita ɗaya da rabi a gaba yana rage ɓarnar, amma ba ya gyara jifan. Wannan aikin na sanda mai laushi ne, mai alamar L ko ML, wadda ke ɗaukar gram 3 zuwa 14.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, a ruwan zartsi na Legas sandar ta wanke kanta. Da aka ɗaura mata koton ƙarfe mai siffar cokali, mai gram 21 zuwa 28, sai ga ta tana lanƙwasa daga kashi ɗaya cikin uku na sama, gindin na tsaye ƙyam, jifan na tafiya nesa ko da iska na bugowa daga teku. A nan taurin da ya cuci karfasa ya zama amfani. Barakuda, kifin teku mai kaifin haƙora, bakinta ƙashi ne, sai da sanda mai ƙwari ƙugiya ke shiga, sannan dole a juyo da kifin da wuri kafin igiyar ruwa ta kai shi cikin duwatsu masu kaifi. Ril mai lambar girma 3000 ya zauna mata daidai, da zaren saƙa fam 15, da 'yar waya santimita 20 a gaba saboda haƙora. Birki a saita shi wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zare, wato kusan kilo 2. A gwada da jarka mai ruwa lita 2, a rataye ta kai tsaye daga ril ba ta cikin zobba ba. In zaren ya fara zamewa a hankali, ya yi. Haka nan za ta yi wa mai neman kifin tsage a Kainji, shi ma bakinsa tauri gare shi.

Da a nan maganar ta tsaya da na yaba. To amma sandar da aka sayar da sunan ta ruwan gishiri, ƙafafun zobbanta su fara jan tsatsa alhali ana ɗauraye ta da ruwan famfo bayan kowace fita, wannan ha'inci ne. Tsatsar daga ƙarƙashin naɗin da ya ɗaure zobban a jikin sandar take ɓullowa, inda wanki ba ya kaiwa. Zoben ƙarshe kuma tangaran ɗin cikinsa ya tsage, tsagar da ido ba ya gani, sai zare ya dinga tsinkewa a tsakiyar jifa, koto mai tsada ya tafi ke nan. A zura 'yar auduga cikin kowane zobe a juya. Inda ta maƙale, nan tsagar take.

Gyaran zoben ƙarshe ba wuya: a ɗan ɗumama shi da ashana na sakan biyu ko uku, a zare da filaya, a auna kaurin bakin sandar da milimita, a sa sabo da gam mai narkewa, a daidaita shi da sauran kafin ya huce. Wuta ta wuce haka, bakin sandar ya lalace. Mahaɗar gaɓoɓin ma a goga mata kyandir, in ba haka ba gishiri zai liƙe ta. Su kuwa zobban ƙasa masu tsatsa, sai an kwance naɗin ɗaya bayan ɗaya an sake, kuma kuɗin aikin bai kamata ya fito daga aljihun wanda ya riga ya biya farashin sandar teku ba.