Tsohon gida, ginanne ko fili: wanne ya fi dacewa da haya a Sakkwato?

Duk wanda ya ce yana neman gidan da zai sa haya, dillali zai fara jansa cikin gari ne, wajen Ƙofar Rini ko Ƙofar Marke, ya nuna masa tsohon gida mai araha. Arahar gaskiya ce, amma da yawa daga cikin gidajen nan na gado ne. In ba a raba gadon a gaban alƙali ba, kada ka ba da ko sisi, ko da babban wa ya rantse cewa kowa ya yarda. Ƙanwa ɗaya da ke aure a wani gari ta isa ta tayar da cinikin bayan shekaru. Ka kuma duƙa ka dubi gindin bango: in shafe yana zuba kamar gari, danshi ya riga ya ci ginin, kuɗin gyara zai cinye arahar.

Ginannen gida a Arkilla, Bado ko Gawon Nama ya fi kwanciyar hankali. Ma'aikata da likitocin asibitin koyarwa suna biyan kuɗin shekara. Sai dai tsadarsa ta sa jarinka zai daɗe bai dawo ba.

Ni dai, ga mai matsakaicin ƙarfi, fili na fi so, a gina ɗakuna masu banɗaki a ciki, biyu bana, biyu baɗi. Amma a nan ne aka fi cutar mutane. Takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu tana da amfani, ba ta isa ba. Tun dokar ƙasa ta 1978, filin birni yana hannun gwamna ne, sai da amincewarsa ake sauya sunan mai takardar mallaka. Ka je ofishin filaye da ƙafarka, ka bincika lambar filin, ka tabbata ba hanya ba ce, ba kuma a jinginar da shi a banki ba. In wajen Dundaye kake hari saboda ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka tabbata bai shiga ƙasar jami'a ba, kuma ka je ganinsa a watan Agusta, ba da rani ba. Mutanen wajen ba su manta ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a ba. Haya ga ɗalibai tana da riba, amma a 2022 yajin aikin malamai ya kai wata 8, ɗakuna suka zauna a rufe.

Batun kuɗi kuwa, bashin banki mai ruwa, ban da haramcinsa da ya dami yawancinmu, lissafinsa ma ba ya fita: ruwan ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara, kuɗin haya ba ya kama ƙafarsa. Bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ suna da tsarin murabaha (banki ya saya ya sayar maka da ribar da aka yarda a kai, ka biya kaɗan-kaɗan) da ijara (banki ya saya ya ba ka haya), sai dai ka nemi a rubuta maka jimillar abin da za ka biya har ƙarshe kafin ka sa hannu. Adashi da ginin sannu a hankali sun fi sauƙin ɗauka.

Kowanne ka zaɓa, ruwa ne farkon abin da ɗan haya ke tambaya, musamman a zafin Afrilu. Gida mai rijiyar burtsatse da tanki ba ya daɗewa babu kowa. Ka sa wa kowane ɓangare mitarsa ta kati, don rigimar kuɗin wuta tana raba maƙwabta. Kafin iskar farkon damina, ka kira kafinta ya hau ya ƙara wa kwano ƙusa. A rubuta a yarjejeniya wa zai kwashe masai, wa zai gyara famfo, da wa'adin da za a ba mutum in za a tashe shi.