Ofisoshin Workforce Solutions na jihar Texas: amfaninsu da inda suka gaza

Duk wanda ke neman aiki a jihar Texas ta Amurka, ko yake neman ma'aikata, da wuya ya kauce wa ofisoshin da ake kira Workforce Solutions, waɗanda ke ƙarƙashin hukumar ƙwadago ta jihar, wato Texas Workforce Commission, da aka kafa a shekarar 1995. Jihar tana da gundumomi 254, amma maimakon kowace gunduma ta buɗe nata ofishi, an kasa su zuwa yankuna 28, kowane yanki da kwamitinsa wanda 'yan kasuwa suka fi rinjaye a ciki, tare da wakilan makarantu da na ƙungiyoyin ma'aikata. A ganina wannan haɗin gwiwa na yanki shi ne ƙashin bayan hidimar, kuma daga gare shi ne alherinta da aibinta suka samo asali.

Abin da mai neman aiki zai tarar idan ya shiga ofis bai da wuyar fahimta. Akwai kwamfutoci da intanet, akwai ma'aikatan da ke taimakawa wajen tsara takardar neman aiki da shirya wa ganawa da masu ɗauka, sannan ana yi wa mutum rajista a shafin WorkInTexas inda kamfanoni ke sanya guraben aiki, kuma duk wannan ba a biyan ko sisi. Ya kamata mai karatu ya sani cewa kuɗin tallafin rashin aiki ba a nan ake neman su ba, ta waya ko intanet ake nema daga hukumar jihar, ko da yake wajibi ne mai karɓarsu ya yi rajistar neman aiki.

Inda tsarin ya fi burge ni shi ne yankin Houston. Kwamitin yankin yana kula da gundumomi 13, kuma hakan ya dace da yadda mutane ke rayuwa, domin mai walda da ke zaune a wata gunduma yakan yi aiki a matatar mai ko tashar jiragen ruwa da ke wata gundumar daban, kuma iyakar da ke kan taswira ba ta dame shi ba. Kwamitin da ke kallon yankin gaba ɗaya yana iya fitar da jerin sana'o'in da ake buƙata a zahiri, ya karkata kuɗin horo zuwa gare su, ya kuma zaunar da kamfanoni da kwalejojin al'umma a teburi guda. Jihar tana da asusun bunƙasa ƙwarewa da ke bai wa irin waɗannan kwalejoji kuɗi don horar da ma'aikata daidai da buƙatar kamfanin da suka haɗa hannu da shi. Wani abin yabo kuma shi ne cewa kwamitocin ne ke rarraba tallafin kuɗin renon yara ga iyaye masu ƙaramin ƙarfi, domin uwar da ba ta da inda za ta ajiye ɗanta ba za ta iya riƙe aiki ba komai kyansa, sai dai a yankuna da dama akan jira layi kafin a samu.

Amma rabon yankunan bai bi wannan hikima a ko'ina ba. Dallas da Fort Worth kasuwar aiki ɗaya ce, mutane na kai da komo tsakaninsu kullum, duk da haka gundumar Dallas tana da kwamitinta, gundumar Tarrant, inda Fort Worth take, tana da nata, kuma gundumomin da ke kewaye da su suna ƙarƙashin na uku. Haka abin yake a Austin, inda birnin ke da kwamiti ɗaya, kewayensa kuma ke da wani. Dokar tarayya ta WIOA kan horar da ma'aikata da taimaka wa masu neman aiki, wadda Shugaba Barack Obama ya sanya wa hannu a 2014, ta tanadi tsare-tsaren yanki tsakanin kwamitoci, amma kowane kwamiti yana da ikon tsara wasu ƙa'idojinsa, kamar iyakar kuɗin horon da zai biya wa mutum, saboda haka maƙwabta biyu masu buƙata iri ɗaya suna iya samun amsa daban. A yankin Panhandle da ke can arewacin jihar kuwa, inda kwamiti ɗaya ke riƙe da gundumomi 26, matsalar nisa ce.

Batun horo yana buƙatar taka tsantsan. Ba kowa ake biya wa ba: tsoffin sojoji da masu ƙaramin ƙarfi da masu karɓar tallafin gwamnati ne ke kan gaba, dole ne mutum ya kasance da izinin aiki a Amurka, kuma makarantar da ya zaɓa sai ta kasance cikin jerin da jihar ta amince da shi. Wani babban bincike da cibiyar Mathematica ta yi wa ma'aikatar ƙwadago ta tarayya kan tsarin da ya gabaci WIOA ya gano cewa shawarwarin gaba da gaba daga ma'aikatan ofis sun ƙara wa mutane kuɗin shiga, alhali kuɗin horo bai nuna irin wannan tasiri ba a cikin watanni 30 da aka bibiya. Don haka ina ganin zama da mai ba da shawara ya fi rububin neman kwas daraja, musamman ga wanda bai tantance sana'ar da ake nema a yankinsa ba. Idan kuwa horon ake so, wanda ake yi a bakin aiki ya fi tabbas, tunda a nan kamfani ne ke ɗaukar mutum tun farko, ofishin kuma ya mayar masa da kusan rabin albashin lokacin koyo.